Tsagar Jirgin da Ta Raba Ni da Halifa

Sumayya, Anas, Bilkisu, wannan babin naku ne ku uku, domin kun tashi kuna jin ana cewa yayanku Halifa ya yi mini rashin kunya a wurin aiki, shi ya sa ya bar Madina. Haka danginmu na unguwar Ƙurban suke faɗa, haka ma na unguwar Al-Sih, kuma ni ban taɓa buɗe baki na ƙaryata a gabanku ba. Yanzu na haura saba'in, idona na hagu ya tafi, na dama ma sai da tabarau, don haka gara in rubuta yadda abin ya faru tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Yayanku bai yi mini rashin kunya ba. Ni ne na yi masa hassada, ni da na haife shi.

Kun san a nan aka haife ni. Kakanku Usmanu ya zo aikin hajji daga ƙasar Katagum yana saurayi, ya zauna bai koma ba. Ni ban yi nisa a makaranta ba. Ina ɗan shekara goma sha shida na shiga wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Sultana, muna waldar ƙofofi da tankunan ruwa, daga nan na ji ana neman masu walda a Yanbu, a wurin gyaran jiragen ruwa, na tafi. Shekara talatin da ɗaya na yi a can. In tafi farkon mako, in dawo Madina ranar Alhamis da baƙin ƙarfe a hancina da ido jajir, mahaifiyarku ta yanka dankali ta ɗora mini a fatar ido ya sha zafin. A cikin jirgi akwai wuraren da mutum ba ya iya tsayuwa, sai dai ya kwanta rigingine ya yi walda a saman kansa, narkakken ƙarfe yana ɗigo masa a hannun riga. Irin wannan wurin ni ake kira. In na gama na kakkaɓe, layin waldata yakan fito a jere kamar kitson da aka yi da natsuwa, Indiyawa da 'yan Filifin da muke aiki tare su zo su leƙa suna kaɗa kai. Mu'allim Sale ake ce mini, wato gwanin sana'a, a Yanbu da nan gida. Ba ni da digiri, ba ni da gidan sama, ba ni da karatun da malaman jami'a 'yan Nijeriya suke zuwa da shi majalisarmu. Sunan nan kaɗai gare ni, kuma ban san yadda na jingina da shi ba sai da na ji yana zamewa.

Halifa shi ne ɗan fari. Sunan mahaifina muka sa masa, shi ya sa ba a kiransa da sunan yanka a gidan nan. Da ya gama sakandare ya ce ilimin ƙarafa zai karanta, na yi murna har na kasa cin abinci. Ranar da ya kammala rago na yanka. Kuma ni da ƙafata na je wurin mudirinmu, wato shugaban wurin aikin, na roƙi a ɗauke shi. Aka ɗauke shi a matsayin mufattish, mai duba aikin walda kafin a sake jirgi ya koma ruwa. Aka ba shi farar hular kwano, ni tawa rawaya ce tun ranar da na fara. A watannin farko ina nuna shi ga kowa, ina cewa ɗana ne.

Ban san ranar da abin ya fara juyewa ba, amma na tuna inda na fara jin sa. Majalisarmu ce ta bayan la'asar ranar Juma'a, a ƙofar gidan Alhaji Ɗanjuma a Ƙurban, abokina tun muna yara, wanda ya yi direban bas har ya tsufa. Shekara da shekaru, duk lokacin da maganar teku ko jirgi ta taso, ni ake juyowa a kalla. Rannan na zo da Halifa ya gaida dattawa. Alhaji Ɗanjuma ya tsiyaya shayi, ya miƙo mini, ya ce:

"Marhaba da Abul Muhandis."

Wato baban injiniya. Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar sunan ya kama ni. Mutumin da ya yi shekara talatin yana Mu'allim Sale ya koma baban wani. Sannan Alhaji ya ce ya ga wani jirgi a talabijin ya rabe biyu a tsakiyar teku ba tare da ya daki komai ba, yaya aka yi haka? Na gyara zama, na ajiye kofi zan ba da amsa, sai na ga ba ni yake kallo ba.

Halifa, kamar ku, Larabci ya fi zama a bakinsa, amma a gaban manya yakan daure ya yi Hausa. Ya ce:

"Alhaji, ƙarfe ma yana gajiya. Jirgi in yana kan ruwa ba ya hutawa. Taguwar ruwa ta ɗaga tsakiyarsa ta saki, ta ɗaga kansa da bayansa ta saki, haka kullum, shekara da shekaru. Lanƙwasawa ɗaya ba ta karya komai. Amma a gefen walda, inda narkakken ƙarfe ya haɗu da falle, akwai ɗan lungu da ido ba ya gani, nan wahalar take taruwa. Nan tsaga take farawa kamar silin gashi, tana ci kaɗan-kaɗan, har ranar da abin da ya rage ba zai iya ɗaukar nauyin ba."

"Ashe laifin masu walda ne," in ji Alhaji Ɗanjuma, yana kallona yana dariya.

"A'a, Alhaji. Ko waldar Baba ce, wadda babu irinta a Yanbu, haka za ta yi in ƙarfen ya gaji."

Yabona ya yi. Yau na san haka. Amma a ranar abin da ya shiga kunnena shi ne "ko waldar Baba ce". Na ga dattawan da na sani tun suna samari sun kasa kunne suna sauraronsa, har wani malamin jami'a yana cewa ma sha Allah. Abin da ya faɗa ni ma na san shi da hannuna, na sha ganin tsaga tana dawowa inda aka toshe ta, amma ban taɓa iya faɗarsa haka ba. Na zauna shayina ya huce a gabana, ina gaya wa kaina wai surutu ne ya yi wa yaron yawa a gaban manya.

Bayan wannan komai nasa ya fara tsaya mini a rai. In ma'aikata suka zo da tambaya suka wuce ni suka nufi ofishinsa, sai in ji kamar an taka ni. In mudir ya dafa kafaɗarsa a gabana, sai in kau da kai. Har sanyin na'urar ofishinsa na yi masa hassada a kai, ni ina cikin jirgi gumi yana cika mini takalmi. Shi kuwa bai canja ba. Shi yake tuƙa ni zuwa Madina, shi yake ɗaukar jakata, in mun iso ya sumbaci goshina kafin ya wuce gidansa a Al-Sih, inda matarsa take da jaririnsu.

A ƙarshen zafin shekarar aka kawo wani tsohon jirgin dakon kaya. Ya daɗe yana jigilar siminti a Bahar Maliya, an sayar da shi ga wasu mutane da za su kai shi can arewa, tekun da ruwa yake daskarewa a kan igiyoyin jirgi lokacin hunturu. A doronsa, wato saman da ake tafiya a kai, a kusurwar bakin rumbun da ake zuba kaya, akwai tsaga mai tsawon taƙi ɗaya da rabi. Ina ganin wurin na gane shi, domin shekara biyu kafin nan ni na yi waldarsa. Sabuwar tsagar ba a cikin waldata take ba, gefenta take bi tiryan-tiryan. Na sa saruk, injin da muke goge ƙarfe da shi, na rarake ta har na ga farin ƙarfe, na gasa wurin, na ɗauko busassun sandunan walda daga tanda, na wuni a kai. Ban taɓa yin aikin da na ƙure masa hankali kamar wannan ba, domin na san wanda zai duba.

Da safe Halifa ya hau da na'urarsa, wadda take tura sauti cikin ƙarfe ta nuna abin da yake ɓoye. Ya shafa mai, ya durƙusa, ya fi awa yana bin wurin. Ma'aikata sun tsaya suna kallo. Da ya miƙe sai ya zaro alli rawaya, ya zana babbar da'ira da ta wuce waldata nesa ta kowane gefe, ya ja layi biyu a gicciye a tsakiya. Ma'anarsa a yanke a fitar. A shekara talatin ba a taɓa sa wa aikina wannan alamar ba. Ya juyo, da Larabci, kamar yadda yake yi wa kowa a wurin aiki, ya ce:

"Ya mu'allim, waldarka lafiya lau take, babu rami babu datti. Amma fallen da ke kewaye da ita ya gama. Akwai ƙananan tsagogi uku da ido ba ya gani. Sai an cire shi gaba ɗaya an sa wani."

Na tattara kayana na sauka.

Ranar Alhamis a mota, muka kama hanyar Madina har muka wuce rabi. Sai ya rage gudu ya fara yi mini bayani da Hausa, a hankali, kamar mai lallashi. Ya ce ƙarfen jirgin irin mai ƙarfin nan ne da ake yi siriri don a rage nauyi, kuma ƙarfinsa ba ya hana gefen walda gajiya, sai ma ƙara masa wahala tunda fallen ya fi lanƙwasuwa. Ya ce ya yanki ɗan guntu daga wurin, ya sanyaya shi a ɗakin gwaji, aka buge shi da guduma, maimakon ya lanƙwashe sai ya tsinke kamar gilashi. Ya ce dole a kawo falle mai jure sanyi, a zagaye kusurwar kada ta tsaya da kaifi, a goge gefen waldar ya yi sumul.

"Baba, a ruwanmu mai ɗumi tsagar za ta yi ta ci a hankali har wani ya gan ta. A ruwan sanyi ba ta jira. Kafin mutum ya ce bismillah ta keta daga wannan gefen zuwa wancan. Kuma mutane ne a ciki."

Ga abin da nake so ku riƙe, domin nan ne laifina yake. Na gane maganarsa sarai. Ina yaro a warshar Sultana na ga ƙarfe ya ɓalle a ƙarƙashin guduma da sanyin asuba, irin ƙarfen da yake lanƙwasuwa lafiya da rana. Tun kafin ya rufe baki zuciyata ta ce gaskiya ya faɗa. Kuma sanin cewa gaskiya ya faɗa shi ya fi ƙona ni. Na ce masa:

"Ka kalli hanya. Tun ba a haife ka ba nake toshe tsaga."

A gida mahaifiyarku ta lura ban bar shi ya sumbace ni ba. Washegari bayan an sauko daga masallaci, ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, ta kore ku ɗaki, ta zauna a gefen tabarma. Kun san ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah.

"Malam, me yaron nan ya yi maka?"

Na ce ya wulaƙanta ni a gaban ma'aikata, ya kira ni mu'allim kamar bai san ni ba, ya ja wa aikina layi. Ta tambaye ni ko abin da ya faɗa ƙarya ne. Na ce ba ta san aikin ƙarfe ba. Ta kalli hannuna, sannan ta ce:

"Ban san ƙarfe ba, amma na san ka. Na san fushinka, yakan zo da faɗa ya wuce kafin magariba. Wannan ba shi ba ne. Wata nawa ke nan, in an yabe shi a gabanka sai fuskarka ta canja. Malam, hassada kake yi wa ɗanka. Ka ji tsoron Allah."

Na ture kwanon na tashi. Da ba gaskiya ta faɗa ba da na yi dariya.

Da muka koma aiki mudir ya kira mu ofis mu biyu. Fallen da Halifa yake nema babu shi a Yanbu, sai an yi sati uku kafin ya iso, ga masu jirgi suna matsa masa, ga wani jirgin yana jiran wurin. Halifa ya ajiye rahotonsa a kan tebur ya maimaita abin da ya gaya mini. Mudir bai ko buɗe takardar ba. Ya juyo gare ni ya ce:

"Mu'allim Sale, ka fi kowa daɗewa a nan. Waldarka za ta riƙe ko ba za ta riƙe ba?"

Na daɗe ban ji an kira ni haka a gaban Halifa ba, kuma an tsallake shi an tambaye ni. Daɗin da na ji a lokacin, har yau ina jin kunyarsa. Na ce:

"Za ta riƙe. Wannan yaro ne. Littafi ya sani, bai san ƙarfe ba."

Halifa bai ɗago ba. Ƙasa yake kallo, kunnensa kawai na ga yana motsi. Mudir ya tura masa takardar sallamar jirgi ya ce ya sa hannu. Ya ce ba zai sa ba, cikin ladabi, sau biyu. Aka kira wani mufattish daga waje, ya zo ya leƙa da ido, ya yaba kyan waldar, ya sa hannu. Aka goge allin, aka shafa fenti, jirgi ya tafi. Shi kuma aka cire shi daga duba aiki aka mayar da shi ɗakin ajiyar takardu. Wata biyu ya daure, sannan ya ajiye aikin.

Labari ya riga mu isowa Madina, kuma ya iso a karkace. Aka ce Halifa ya ci mutuncin ubansa a bainar jama'a har aka kore shi. A majalisa Alhaji Ɗanjuma ya girgiza kai ya ce yaran yanzu in sun yi karatu sai su manta wanda ya goya su, ya miƙo mini shayi ya ce, "Sha, Mu'allim." Sunana ya dawo. Na karɓa na sha, ban gyara ko kalma ɗaya ba. Halifa yana zaune a Al-Sih ba aiki, da mata da jariri, duk inda ya nema sai a ji labarin a ƙi shi. Duk da haka kowace Juma'a yana zuwa, ya gaishe ni, ya sumbaci goshina, ya shiga wurin mahaifiyarsa. Bai taɓa tayar da maganar ba.

Da sanyi ya shigo sosai labarin jirgin ya zo. Ina tsakiyar aiki wani ma'aikaci ya kira ni gefe ya nuna mini hoto a wayarsa. Iska ta same su a tekun arewa, doron jirgin ya tsage daga waccan kusurwar, tsagar ta keta har ta gangara gefe. Waɗanda suke ciki sun ce sun ji ƙara kamar ta bindiga. Allah Ya kiyaye bai rabe ba, aka jawo shi zuwa gaɓa. Ba wanda ya mutu. Amma wani ma'aikacin jirgin da yake kan doron a lokacin ya faɗa cikin rumbun ya karye a baya, aka ce ba zai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. Ban san sunansa ba, ban san ƙasarsu ba. Na ƙura wa hoton ido, na ga layin waldata yana nan daram, tsagar ta bi gefensa ta wuce, daidai yadda aka gaya mini a mota.

Masu bincike suka zo daga waje suka buɗe takardu, suka tarar da rahoton Halifa da mudir bai ko buɗe ba. Suka neme shi. Kwana uku ina jiran a kira ni, na tabbata zai faɗi abin da na ce a ofis, kuma haƙƙinsa ne ya faɗa. Ba a kira ni ba. Daga baya na ga abin da ya rubuta musu: waldar ba ta da aibi, wanda ya yi ta gwani ne, matsalar tana ga ƙarfen da kuma shawarar da aka yanke ta ƙin canja shi. Sunana bai fito a ko'ina ba. Aka sallami mudir. Ni kuwa bayan wata shida na yi ritaya, aka ba ni takardar yabo a cikin gilashi.

Za ku ɗauka a nan zuciyata ta yi laushi. Ba ta yi ba. Da ya tona ni, da na samu abin riƙewa, in ce ga shi, dama haka yake. Sai ya rufa mini asiri, ya zama ya fi ni sanin ƙarfe kuma ya fi ni hali. Wannan ma na yi masa hassada a kai. Waɗanda suka yi binciken suka ba shi aiki a ƙasarsu, a wurin da ake gwada ƙarafan da ake gina jirage da su. Ranar tafiyarsa na ce idona yana ciwo, ban raka shi filin jirgi ba. Anas, kai ka tuƙa su, kana iya tunawa. Mahaifiyarku ta dawo ta ci gaba da yi mini duk abin da ta saba, abinci, wanki, maganin ido, amma ta daina zama a gefen tabarma in ina cin abinci. Shekara tara ba ta zauna ba.

A shekarun nan sau uku kawai ya zo, domin da farko takardun zamansa a can ba su bari, daga baya kuma aiki. Jikokina na wajensa sun girma ba sa jin Hausa, Larabcinsu ma a karye yake, in an ba su waya mu gaisa sai mu yi ta kallon juna. Da ciwon mahaifiyarku ya tsananta aka kira shi, ya kamo hanya, amma kun san a garin nan ba a jinkirta gawa. An yi mata salla a Harami bayan azahar aka kai ta makabartar Baƙi'a, shi kuma ya sauka washegari da hantsi. Bai ga fuskarta ba. In kuna neman wanda ya jawo haka, kada ku nemi kowa sai ni.

A rana ta uku da safe, kafin masu ta'aziyya su fara zuwa, na same shi shi kaɗai a tsakar gida yana naɗe tabarmi. Furfura ta fara fito masa a gemu. Na ce ya ajiye ya zauna. Na gaya masa komai, ban rage ba: cewa tun a mota na san gaskiya ya faɗa, cewa abin da na ce a gaban mudir ba kuskure ba ne, da gangan na faɗa, kuma na kira abin da sunansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Na sani, Baba. Umma ta gaya mini tun kafin in tafi. Ta ce ciwo ne ya same ka, in yi haƙuri."

Na ce to me ya hana shi wanke kansa a wurin dangi duk shekarun nan.

"Wa zan gaya wa? In tsaya a gaban su Alhaji Ɗanjuma in ce ubana yana yi mini hassada?"

Na roƙe shi gafara. Ya riƙe hannuna, hannun nan mai tabon wuta, ya ce nasa ya yafe tuntuni, duniya da lahira. Sannan ya ce:

"Amma mutumin da ya karye, wannan ba nawa ba ne da zan yafe. Na neme shi ban same shi ba. Sai dai ka yi ta yi masa addu'a."

Ina yi, bayan kowace salla, ga mutumin da ban san sunansa ba. Ranar Juma'ar da ta biyo na je majalisa na faɗa wa waɗanda suka rage da rai. Alhaji Ɗanjuma ya daɗe yana kallona, ya tashi ya shiga gida. Sai bayan sati biyu ya aiko a kira ni.

Ba zan ce muku na warke ba, tunda na ɗauki alkawarin ba zan yi ƙarya a littafin nan ba. Watan jiya Halifa ya bugo mini waya da hantsi. Ya ce suna gwajin wani sabon ƙarfe, duk lokacin da masu waldarsu suka yi aiki a saman kai sai gefen ya fito da ɗan rami, sun canja duk abin da littafi ya ce a canja abin ya ƙi. Ya ce, "Baba, kai yaya kake yi?" Na tashi zaune. Na fi awa ina gaya masa yadda ake karkata hannu, inda ake ɗan tsayawa a kowane gefe kafin a ƙetara, da irin ƙarar da wutar take yi in an matsa da yawa. Ina jin shi yana rubutawa, yana cewa in maimaita. Bayan kwana huɗu ya sake bugowa ya ce ramin ya tafi, ya yi mini godiya, muka yi sallama. Na ajiye wayar ina murmushi ni kaɗai, sai na tsaya na tambayi kaina daɗin me nake ji. Rabi daɗin na taimaki ɗana ne. Ɗaya rabin, Allah Ya yafe mini, daɗin cewa akwai abin da bai sani ba.